Jiniya ta yi ƙara da ƙarfe biyun rana, wa zai fito?

Gidana yana wata unguwa ta gefen birnin Filadelfiya a jihar Pensilbaniya, kuma tsakanina da tashar 'yan kwana-kwana bai fi tafiyar minti biyar a ƙafa ba. A kan rufin tashar akwai tsohuwar jiniya wadda idan ta ɗauki kuka har tagogi sai sun amsa. Shekara da shekaru na saba da tsarinta: ta yi ƙara, a ɗan jima ka ji motocin mutane suna shigowa harabar tashar a guje, sannan babbar ƙofa ta ɗage, jar mota ta fito. Wata Talata da misalin ƙarfe biyu na rana ina gida, jiniya ta yi kukanta ta yi shiru. Ban ji motar kowa ba. Ta sake yi. Na fito bakin ƙofa ina kallon titi, gabana yana faɗuwa, don na san wani wuri a garin nan akwai wanda yake tsaye riƙe da waya yana jira. Da motar ta fito ta wuce ta gabana, mutum biyu na gani a ciki: direba mai furfura, da wani matashi yana ta kokawar saka rigarsa a kujerar baya. Mota ce mai kujerar mutum shida.

Daga baya na ji cewa wuta ce ta kama a kicin ɗin wani gida, motar garin da ke maƙwabtaka da mu ta kawo ɗauki, kuma Allah ya kiyaye babu wanda ya rasa ransa. Tun daga ranar hankalina bai sake kwanciya da batun ba.

Wanda ya zo Amurka daga wajenmu yakan ɗauka duk mai sanye da kayan kashe gobara ma'aikacin gwamnati ne mai albashi. Ni ma haka na ɗauka, sai da wani dattijo maƙwabcina, tsohon mai gyaran famfo da ya yi kusan shekara arba'in yana amsa kiran jiniyar nan, ya warware mini. Sisi ba a biyansu. Yana tsakiyar aikinsa ko barcinsa 'yar na'urar da ke rataye a ƙugunsa za ta yi ƙara, ya ajiye komai ya fita. Al'adar ta girmi ƙasar kanta, domin a 1736 Benjamin Franklin ya kafa ƙungiyar 'yan sa-kai ta kashe gobara a Filadelfiya, shekara arba'in kafin Amurka ta ayyana 'yancinta. Har yau ƙididdigar ƙungiyar NFPA, wadda ke tsara ƙa'idojin kashe gobara a ƙasar, ta nuna cewa a 2020 cikin 'yan kwana-kwana sama da miliyan ɗaya, 676,900 'yan sa-kai ne, wato kusan kashi 65 cikin ɗari. An ƙiyasta cewa lokacin da suke bayarwa kyauta yana rage wa garuruwa kashe kimanin dala biliyan 46.9 a duk shekara.

Da ya gama yi mini bayani na ce masa, "Baba, ai mu ma muna da irin wannan, sunansa aikin gayya." Na kwatanta masa yadda samarin ƙauye ke taruwa su nome gonar mutum ɗaya da safe, gobe a koma ta wani. Ya ji daɗin kwatancen ƙwarai. Sai dai duk wanda ya tashi a karkara ya san sharaɗin da gayya take tsayawa a kai: masu yin ta suna gari ɗaya, gonakinsu suna kusa, kuma idan an buga ganga suna inda za su ji. Ranar da samari suka tafi ci-rani, ganga ba ta tara kowa sai tsofaffi. Abin da ya sami unguwannin gefen biranen Amurka ke nan, kuma shi ya sa nake ganin duk shirin da gari zai yi wa tasharsa na shekara goma masu zuwa, idan an gina shi a kan fatan cewa mutane za su dawo kamar da, an gina shi a kan iska.

Lokacin da aka soma gina Levittown, wata katafariyar unguwar gidaje a gundumar Bucks da ke gefen Filadelfiya, a 1952, shekarar ce kamfanin ƙarfe na U.S. Steel ya buɗe babbar masana'antarsa ta Fairless a kusa da wurin. Dubban magidanta suna aiki a bakin gidajensu, kuma aikin na karɓa-karɓa ne, saboda haka kowane lokaci na yini akwai waɗanda suke gida. Mai kanti zai rufe kantinsa ya bi jiniya, mai gareji ya saki yaransa su tafi. Masana'antar ta daina narka ƙarfe a 1991. Magidancin yau yana tuƙin minti arba'in ko awa guda zuwa ofis a wani gari, matarsa ma tana aiki, yara suna jiran a ɗauko su daga makaranta, kuma kuɗin gida ya kai inda saurayin da aka haifa a unguwar, wanda shi ne ya fi dacewa ya gaji ubansa a tashar, ba zai iya saye ko haya a cikinta ba. A shekarun 1970 Pensilbaniya tana da 'yan sa-kai kimanin 300,000. Rahoton da wani kwamitin majalisar dokokin jihar ya fitar a 2018 ya ce sun koma kusan 38,000. A ƙasar baki ɗaya sun kai 897,750 a 1984, lokacin da yawan jama'a bai kai miliyan 240 ba. Zuwa 2020 jama'a sun haura miliyan 330, su kuma sun ragu da fiye da 200,000.

Ana yawan cewa 'yan zamani ne ba su da kishin jama'a. Ban yarda ba. Dattijon nan da kansa ya gaya mini cewa lokacin da ya shiga, an miƙa masa hula da takalmi aka ce ya riƙa bin bayan manya yana koyo. Yau kafin a bar mutum ya shiga gidan da ke ci da wuta sai ya yi horo na awa ɗari da ɗoriya, da daddare da ranakun hutu, ya ci jarrabawa, ya koyi aiki da tukunyar iskar numfashi, ya koyi taimakon gaggawa da sha'anin sinadarai masu haɗari. Horon daidai ne, ba na so a rage ko awa ɗaya, domin shi ke dawo da mutum gida da ransa. Amma a faɗi gaskiya: ana neman mai aiki biyu da 'ya'ya ƙanana ya koyi cikakkiyar sana'a a lokacin barcinsa, ya yi ta kyauta, a sana'ar da hukumar binciken cutar daji ta duniya ta sanya a 2022 cikin rukunin farko na abubuwan da ke haddasa cutar. Abin mamaki shi ne har yanzu ana samun masu zuwa.

Ga shi kuma aikin kansa ya ninka. A 1986 tashoshin Amurka sun amsa kira kusan miliyan 12. A 2020 sun amsa sama da miliyan 36. Gobara ba ta wuce kashi 4 cikin ɗari na wannan adadi ba. Wajen kashi biyu cikin uku kiran rashin lafiya ne. Sauran kuwa haɗarin mota ne, da warin gas, da ƙararrawar da ta tashi a banza a wani otal. A ƙidayar 2020 masu shekara 65 zuwa sama sun kai miliyan 55.8, kuma da yawansu suna zaune ne a gidajen da suka saya suna matasa a irin unguwarmu, 'ya'ya sun watse. Na taɓa ganin irin wannan kira a layinmu da ƙarfe uku na dare. Wata tsohuwa ce ta zame tsakanin gado da bango, mijinta ba shi da ƙarfin ɗaga ta. Mutum uku suka zo, suka ɗaga ta a hankali, ɗaya ya durƙusa yana tambayar ta ko akwai inda ke mata ciwo, suka zaunar da ita, suka tafi. Aikin lada ne babu shakka. Amma ɗaya daga cikinsu na san shi, da ƙarfe shida zai kama hanyar wurin aikinsa, kuma ba a san ko kira na nawa ke nan a wannan makon ba. Mutum ya shiga don ya kashe wuta, ya tarar da kansa yana tashi sau uku a dare don abin da ma'aikacin jinya ya kamata ya yi. A haka ake gajiya, a haka ake ajiye na'urar a aljihun tebur ba tare da an sanar da kowa ba.

Wutar da ta rage kuma ta fi ta da sauri. Kujerun iyayenmu na katako ne da auduga. Na yanzu soso ne da roba da leda, waɗanda asalinsu man fetur ne. Binciken NIST, hukumar ma'auni da fasaha ta gwamnatin tarayya, da aka fitar a 2004 ya nuna cewa lokacin da mutum yake da shi na tsira daga gidan da ya kama da wuta ya sauko daga kimanin minti 17 a gwajin shekarun 1970 zuwa kimanin minti 3. Ƙa'idar NFPA mai lamba 1720, wadda aka yi musamman don tashoshin 'yan sa-kai, ta ce a unguwar gefen birni mai mutum 500 zuwa 1,000 a kowane murabba'in mil, ya kamata mutum goma su isa wurin gobara cikin minti goma, a kashi 80 cikin ɗari na kiraye-kiraye. Akwai kuma ƙa'idar da hukumar kare lafiyar ma'aikata ta tarayya ta sa a dokokinta a 1998, cewa idan biyu za su shiga cikin hayaƙi, dole wasu biyu su tsaya a waje cikin shiri don ceto su, sai fa in an tabbata akwai rai a ciki da za a ceta nan take. To, ka tuna motar da na gani mai mutum biyu, ɗayansu direba ne da zai tsaya a jikin famfon mota. Ko da sun isa da wuri, ruwa kawai za su iya watsawa daga waje har wasu su zo, ko kuma matashin nan ya shiga shi kaɗai ya sayar da ransa.

Saboda haka abu na farko da nake so majalisar garinmu da duk wata irinta ta yi shi ne ƙidaya ta gaskiya, kuma a karanta ta a bainar jama'a. Kowace tasha tana da rajista mai sunaye da yawa, a ciki akwai waɗanda suka ƙaura, da waɗanda gwiwa ta hana, da waɗanda ake girmamawa don hidimar da suka yi a baya. Wannan rajistar ba ta kashe wuta. Abin da ake bukata a sani shi ne, a shekarar da ta wuce, daga Litinin zuwa Juma'a tsakanin safe da yamma, mutum nawa ne masu izinin shiga cikin hayaƙi suka hau mota a kowane kira, minti nawa motar ta yi kafin ta bar tasha, sau nawa ba ta fita ba sam har sai da aka kira maƙwabta, kuma shekarun mutum goman da suka fi kowa amsa kira nawa ne. Duk wannan yana rubuce a kwamfutar cibiyar kiran gaggawa ta 911 ta gunduma. Na fahimci abin da ya sa shugabannin tasha ba sa son a fito da shi. Suna jin kamar tona asirin gida ne, kamar a ce sun gaza bayan sun ba da rayuwarsu. Ni ban ga gazawarsu a ciki ba. Garin ne ya canza a ƙarƙashin ƙafafunsu, kuma ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Idan ƙidayar ta nuna abin da kowa ya riga ya sani, cewa ramin yana tsakar rana ne a ranakun aiki, to a ɗauki ma'aikata masu albashi su rufe wannan ramin, a biya su da kuɗin haraji. Lissafin ba ya da wuya. Mako yana da awa 168, saboda haka kujera ɗaya a mota, in ana so a same ta da mutum dare da rana, tana cin ma'aikata wajen huɗu idan an haɗa da hutu da rashin lafiya. Mota mai mutum huɗu za ta ci wajen goma sha shida. Ƙaramin gari ba zai iya wannan ba, kuma ba ya bukatarsa tukuna. Daga shida na safe zuwa shida na yamma, kwana biyar, awa 60 ne kawai. Mutum biyar ko shida za su riƙe wannan, 'yan sa-kai su karɓa da daddare da ƙarshen mako lokacin da suke gida. Haraji zai ƙaru, ni ma zan biya, kuma ba ni da kuɗin zubarwa. Amma tun da can ana biyan kuɗin nan, sai dai daga aljihun mutum ashirin ko talatin ake cirewa, da barcinsu da lafiyarsu da lokacin iyalinsu, mu dubbai muna cin moriya. Ban ga adalci a ci gaba da haka ba.

Akwai tarkon da nake jin tsoro a nan. Gwamnatin tarayya tana da tallafi mai suna SAFER wanda ke biyan albashin sababbin ma'aikata na shekara uku. Yana da amfani, amma yana ruɗar 'yan siyasar gari: a karɓa, a ɗauki ma'aikata, a yi hoto, kada a taɓa haraji, shekara ta huɗu ta zo babu tanadi. Duk garin da zai nemi wannan kuɗi, ya rubuta a kasafinsa tun ranar farko inda albashin shekara ta huɗu zai fito. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Maƙwabcina bai goyi bayana gaba ɗaya ba, kuma hujjarsa tana da nauyi. Ya ce, "Ɗana, ranar da mai albashi ya shigo, ɗan sa-kai ya zama baƙo a gidan da ya gina." Yana nufin motar za ta riƙa fita kafin su iso, su zo su tarar da tasha wayam, sannu a hankali su daina zuwa, sai a wayi gari garin yana biyan albashin dare da rana wanda ba ya iyawa. Hakan yana faruwa. Yana faruwa ne musamman inda aka mayar da 'yan sa-kai masu wanke mota da naɗe mesa, ko aka yi horo iri biyu da shugabanci iri biyu a ƙarƙashin rufi ɗaya. Maganin shi ne a yi ma'auni ɗaya ga kowa: horo ɗaya, jarrabawa ɗaya, kuma wanda ya cancanci muƙami ya riƙe shi ko ana biyansa ko ba a biyansa. A kuma daina dogara da jiran jiniya daga gida, a raba dare tsakanin ƙungiyoyi, kowa ya san cewa daren Laraba nasa ne zai kwana a tasha, sauran dararen ya kashe na'urarsa ya yi barci da zuciya ɗaya. Magidanci zai iya yi wa matarsa alkawarin dare ɗaya a mako. Abin da ba zai iya ba shi ne zaman ko-ta-kwana na shekara ashirin.

Masu ganin albashi kaɗai zai warware komai su dubi gundumar Prince George's a jihar Merilan, kusa da Washington, ɗaya daga cikin manyan wuraren da ake haɗa masu albashi da 'yan sa-kai a Amurka. A 2024 ƙarancin ma'aikata da yawan aikin ƙarin lokaci suka sa hukumar kashe gobara ta gundumar ta kwashe ma'aikata 55 daga tashoshi huɗu, ciki har da na Greenbelt da Berwyn Heights, ta kai su wasu wurare. Tashoshin nan biyu suka koma hannun 'yan sa-kai kaɗai. Inda 'yan sa-kai suke da ƙarfi an lallaɓa, inda aka bari suka yi rauni jama'a suka shiga fargaba. Da tsohuwar zuma ake magani, kuma garin da ya bar tasa ta zube don ya ɗauki ma'aikata, ranar da kasafi ya matse ba shi da madogara.

Abin da ya fi sosa mini rai a duk lamarin shi ne barar kuɗi. A lokacin bazara za ka ga waɗannan mutane a mahaɗar titi, cikin rana, riƙe da dogon takalminsu na roba suna miƙa wa masu mota su jefa canji. Wata Asabar suna gasa kaji suna sayarwa, wani daren suna kula da wasan bingo a zauren tasha. Ba wanda yake cewa ɗan sanda ya soya nama don a sayi motar sintiri. Motar kashe gobara ta yau tana kaiwa dala miliyan ɗaya, mai dogon tsani ta kai miliyan biyu, kuma bayan an ba da oda ana iya jira shekara uku ko huɗu kafin a kawo. Rigar wuta da wandonta na dubban daloli ne, kuma ƙa'ida ta ce a yar da su bayan shekara goma ko da ba su yage ba. Kaji nawa za a gasa? Duk awar da ɗan sa-kai ya ɓata yana neman kuɗi, an ɗauke ta ne daga horo ko daga 'ya'yansa. Gari ya ɗauki nauyin motoci da kaya da inshora da wutar lantarkin tasha kacokan, shi kuma ya samu ikon duba littafin kuɗi, domin wanda ya zuba dukiyar jama'a dole ya bi sawunta.

Daga nan sai a zo kan maganar da ba a so, wato yawan tashoshi da motoci. Pensilbaniya tana da ƙananan hukumomi sama da 2,500 da ƙungiyoyin kashe gobara sama da 2,000, da yawansu an kafa su tun zamanin da doki ke jan famfo, shi ya sa suke kusa da juna. A 2005 jaridar Newsday ta yi bincike a Long Island da ke gefen New York, ta tarar da hukumomin kashe gobara 179 waɗanda motocinsu suka fi na birnin New York da na Los Angeles a haɗe. Mota uku a tashoshi uku, kowace da mutum biyu, ba su kai mota ɗaya mai mutum shida amfani ba. Na san ba ƙarfe da siminti kawai ake magana a kai ba. A bangon tasharmu akwai hotunan waɗanda suka rasu, akwai sunan kakan wani a jikin tsohuwar ƙararrawa, kuma wanda ya raina wannan bai san abin da ke fitar da mutum daga bargo a daren ƙanƙara ba. Ana iya barin kowace tasha da sunanta da tambarinta a ƙofar mota, amma a haɗa kasafi da sayen kaya da horo da jadawalin kwana. Gara a yi shi yanzu da shawara, da a jira sai ɗayansu ta mutu an sa mata kwaɗo.

Batun jawo sababbin mutane kuwa, abin da ake yi bai isa ba. Dokar Pensilbaniya ta 2016 ta ba garuruwa damar rage wa ɗan sa-kai harajin gida har kashi 20 cikin ɗari, a 2020 aka ɗaga zuwa ɗari bisa ɗari. Madalla, amma ragin harajin gida mai gida yake amfana, shi kuma ɗan shekara ashirin da biyu da ake nema haya yake yi, in ma ya samu. Abin da ya fi burge ni shi ne tsarin tashar College Park a Merilan, inda ɗaliban jami'a suke zama a cikin tasha ba tare da biyan haya ba, su kuma suna amsa kira. A garin da haya ta fi ƙarfin matasa, ɗaki shi ne albashi. Jamus, mai 'yan sa-kai kimanin miliyan ɗaya, ta bi ta wajen masu ba da aiki: dokokin jihohinta sun wajabta a saki ma'aikaci idan an kira shi, a ci gaba da biyansa, ƙaramar hukuma ta mayar wa kamfani kuɗinsa. Ko ma'aikatan garin kansu, masu gyaran titi da masu yankan ciyawar filin wasa, suna cikin gari da rana tsaka. A horar da masu so, a ƙara musu wani abu.

Sannan akwai mu. Unguwannin nan sun cika da 'yan Afirka ta Yamma, da 'yan Indiya, da masu jin Sifaniyanci, da yawanmu ma'aikatan jinya ne da direbobi masu aikin dare da suke gida da rana, daidai lokacin da ake nema. Shekarun da na yi a nan ban taɓa ganin wani daga tasha ya zo masallacinmu ranar Juma'a ya ce ana neman mutane ba, mu ma ba mu taɓa ƙwanƙwasa ƙofarsu ba. Laifin na ɓangare biyu ne. Daga waje tashar tana kama da gidan dangi ɗaya, kowa ɗan wane ne ko surukin wane, baƙo yana jin nauyin shiga. Kuma ba kowa ne sai ya shiga wuta ba. Akwai riƙe littafin kuɗi, da cike takardun neman tallafi, da tsare hanya a wurin haɗari, da zagayawa gidajen tsofaffi ana sa musu na'urar jin hayaƙi. Duk wanda ya ɗauke wa mai shiga wuta ɗaya daga cikin waɗannan ya ƙara masa shekaru a aikin.

Wani ɓangaren shirin ma ba a tasha yake ba, yana teburin masu ba da izinin gini. Duk lokacin da aka amince a gina gidan kula da tsofaffi mai gado ɗari, ko katafaren rumbun ajiyar kaya a bakin babbar hanya, an ƙara wa tashar kira na shekara talatin, kuma da wuya a tambayi shugabanta kafin a sa hannu. Ya kamata a tambaye shi, kuma mai ginin ya ɗauki rabonsa na kuɗin. Gidan tsofaffin da ke karɓar kuɗi mai yawa daga iyalai bai kamata ya riƙa kiran 911 don a ɗaga wanda ya faɗi bai ji ciwo ba, alhali yana da ma'aikata.

Akwai kuma bututun yayyafin ruwa da ake sawa a silin, wanda kansa ke fashewa idan zafi ya kai wajen digiri 68 a ma'aunin Salshiyos, kuma wanda ke kusa da wutar ne kaɗai yake buɗewa. Gundumar Prince George's ɗin nan ta wajabta shi a sababbin gidaje tun 1992. Da aka duba shekara goma sha biyar na farko, mutum 101 ne suka mutu a gobarar gidajen da ba su da shi, a gidajen da suke da shi kuwa ko ɗaya. Ƙa'idar gini ta ƙasa ta 2009 ta sa shi a sababbin gidaje, amma Kalifoniya da Merilan da birnin Washington ne kawai suka riƙe shi a duk faɗinsu. Pensilbaniya ta soke wajabcin a gidajen iyali ɗaya da biyu a 2011 bayan matsin lambar magina. Ina ganin kuskure ne babba. Jihar da ta rasa kusan kashi tara cikin goma na 'yan sa-kanta ita ce ta fi kowa bukatar abin da zai riƙe wuta a ɗaki ɗaya har motar da ta makara ta iso.

Ƙananan hukumomi a nan suna kammala kasafin kuɗinsu kafin ƙarshen Disamba, kuma zaman a buɗe yake ga kowa, ko da yake kujerun jama'a yawanci babu kowa a kai sai in za a taɓa haraji. Bana zan je. Zan nemi a karanta alƙaluman amsa kira na tsakar rana, zan nemi a sa albashin ma'aikatan yini a kasafi, kuma zan faɗa da bakina cewa na yarda a ƙara mini. Maƙwabcina ya ce zai zo ya zauna kusa da ni duk da bai gamsu ba. Likita ya ce masa gwiwarsa ta hagu sai an yi mata aiki, bayan haka ba zai ƙara hawa motar ba, kuma shi ne ɗaya daga cikin mutum uku da suka rage masu iya tuƙa ta da rana.